Aikin kwana a hostal ɗin jami'a a Amurka: abin da ke bayan gida kyauta

Tambaya: Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, kuma ofishin gidajen kwanan ɗalibai ya yi mini tayin zama mataimakin daraktan hostal. Za su ba ni gida a cikin ginin, da abinci, da alawus na wata, su kuma ɗauke mini kuɗin makaranta. Mene ne ainihin aikin, kuma zai bar ni in yi karatu?

Ɗan'uwa, barka da wannan dama, Allah ya sa albarka. Tayin mai kyau ne, kuma ina ganin ka karɓa, amma da ido buɗe. Abu na farko da za ka gane shi ne dalilin gidan. Jami'a tana so idan wani abu ya ɓaci da ƙarfe uku na dare, a samu babban mutum mai hankali, da makulli da waya a hannunsa, a cikin ginin nan take. Gidan da abincin ladan wannan ne. Sauran ayyukan duk za a iya yin su daga ofis a tashi ƙarfe biyar.

Idan ka yi karatu a jami'a irin ta Ahmadu Bello, ka san fota a bakin ƙofar hostal ɗin Suleiman ko na Amina, da jami'in hostal da ke tafiya gida idan an tashi aiki. Tsarin can daban ne. A kowane bene akwai ɗalibi ɗan aji biyu zuwa huɗu da ake kira RA a taƙaice (Resident Assistant; a nan zan kira shi ɗan bene), wanda ke kula da ɗalibai kamar 30 zuwa 50, ana biyansa da ɗaki kyauta, wani wurin har da abinci. Sama da su akwai daraktan hostal, cikakken ma'aikaci, yawanci mai digiri na biyu, shi ma a ginin yake kwana. Kai kana tsakani: ko ka taimaka wa darakta a babban gini, ko a ba ka ƙaramin gini kai kaɗai da 'yan bene shida zuwa goma a ƙarƙashinka. Ka tambaya wanne ne daga cikin biyun, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Aikin rana ba shi da wuyar fahimta. Za ka zauna da kowane ɗan bene na rabin awa ko awa guda duk mako ko mako biyu, ka yi taron ma'aikata sau ɗaya a mako, galibi da dare saboda lokacin ne kowa ya gama lacca, ka saurari ƙananan laifuka irin su hayaniya da shan giya, ka bi sawun gyare-gyare, ka shirya tarukan da ke haɗa kan mazauna. Watan Agusta ne mafi nauyi. Ana horar da ku tun ƙarshen Yuli, ku kuma ku horar da 'yan bene na mako ɗaya ko biyu, sannan ranar shigowar ɗalibai ta zo. Kafin ranar, sai an cika takardar halin ɗaki ga kowane ɗaki: tabo a bango, tsaga a katifa, kujerar da ke rawa. Kada ka bari 'yan benenka su cika ta da ka. A watan Mayu da wannan takardar za a caji ɗalibi kuɗin ɓarna, kuma idan ba a rubuta tabon a Agusta ba, ko yaron ya biya abin da bai yi ba, ko iyayensa su ɗaukaka ƙara ka rasa hujja.

Rikicin abokan ɗaki shi ne abincinka na makonni shida na farko. Yawancin jami'o'i suna hana canjin ɗaki a makonni biyu na farko, sannan suna sa abokan ɗaki su rubuta yarjejeniya: ƙarfe nawa ake kashe fitila, baƙo zai kwana ko ba zai kwana ba, wa zai taɓa abincin wa. Idan rigima ta taso, ka ji kowa shi kaɗai tukuna, sannan ka haɗa su da yarjejeniyar a kan tebur. Kuskuren sababbi shi ne saurin raba su don a huta. Ɗakunan da ba kowa kaɗan ne, kuma za ka buƙace su ranar da wata ta zo tana tsoron kwana kusa da wanda ya cuce ta.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato duti, zaman jiran kiran gaggawa. Matakai ne. 'Yan bene suna riƙe wayar gini daga yamma zuwa safe, suna zagaya benaye sau biyu ko uku a dare, su biyu-biyu, suna duba ƙofofin waje, matakala, banɗakuna, ɗakin wanki da kicin. Abin da ya fi ƙarfinsu su kira ka. Kai kuma kana riƙe wata wayar da ke yawo tsakaninka da takwarorinka, wani wurin dare guda-guda, wani wurin mako cur, kuma a lokacin kai ne mai amsa kiran gine-gine da yawa, ba naka kaɗai ba. Sama da kai akwai wani babba da ake tasa idan an kai ɗalibi asibiti, ko an kama shi, ko an yi rasuwa. Sharaɗin duti a ko'ina kusan ɗaya ne: ka ɗaga waya nan take, ka iso wurin cikin mintunan da aka ƙayyade, yawanci 10 zuwa 20, kada ka yi nisa da makaranta. Wannan yana nufin idan masallacin Juma'a yana da nisan minti 40 a mota, sai ka shirya musanya da abokin aiki tun farkon zango, ba ranar Alhamis da dare ba.

Kiran da za ka fi samu shi ne na giya. Dokar kowace jiha a ƙasar ta hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma yawancin mazauna hostal 'yan 18 ne da 19, waɗanda suka bar gida karon farko. Na san ga wanda ya tashi a Kano ko Zinder wannan abin ƙyama ne, amma a daren ba wa'azi ake nema wurinka ba, ran yaro ake nema. Idan ka iso, ka kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa. Idan bai farka ba, ko yana amai bai san yana yi ba, ko numfashinsa bai kai takwas a minti ba, ko ana samun daƙiƙa goma tsakanin numfashi da numfashi, ko fatarsa ta yi sanyi leɓɓansa suka canja launi, ka kira lambar gaggawa ta 911 ko 'yan sandan jami'a, yadda aka koya muku. Ka kwantar da shi a gefensa, gwiwar sama a lanƙwashe, don kada amai ya shaƙe shi, kuma kada ka bar shi shi kaɗai. Abokansa za su roƙe ka: "A bar shi ya yi barci, gobe zai warware, kuɗin motar asibiti da yawa." Kada ka yarda. Giyar da ke ciki tana ci gaba da shiga jini bayan an daina sha, don haka wanda ke magana yanzu yana iya suma bayan rabin awa. Ba kai ke yanke hukuncin ya warke ba, ma'aikatan lafiya ne. Haka kuma kada ka ɗauke shi a motarka, kada ka sa ɗan bene ya kwana yana gadinsa. Kusan duk jami'o'i sun hana, saboda idan ya mutu a hannunku ba ku da horon da za ku kare kanku da shi. Jami'o'i da yawa suna da ƙa'idar yafe hukunci ga wanda ya kira taimako don abokinsa. Ka yi ta maimaita wa mazauna wannan ƙa'idar tun makon farko, domin tsoron hukunci shi ke sa yara su ɓoye mai suma a ɗaki. Ka kuma tambaya inda ake ajiye Narcan, maganin feshin hanci da ke dawo da numfashin wanda ƙwayoyi dangin opiyom suka kayar. Tun 2023 ana sayar da shi a Amurka ba tare da takardar likita ba.

Kira na biyu, wanda ya fi na giya nauyi a zuciya, shi ne ɗalibin da ke tunanin kashe kansa. Za a koya maka ka yi tambayar kai tsaye, da kalmominta: "Kana tunanin kashe kanka?" Bakinmu bai saba da wannan ba, muna ganin kamar faɗar abin kiransa ne. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sai ma ta buɗe masa ƙofar magana. Idan ya ce e, ka tambaya ko yana da shiri, ko abin da zai yi amfani da shi yana kusa, ka zauna da shi, ka kira mai ba da shawara da ke duti. Akwai kuma lambar 988 ta ƙasa baki ɗaya don taimakon masu irin wannan tunanin, wadda ta fara aiki a 2022. Aikinka ka riƙe shi har ƙwararre ya karɓa. Kada ka mai da kanka likitansa, ka ce ya riƙa zuwa gidanka kullum. Da kyakkyawar niyya ake fara haka, a ƙare da kai da shi duk a gajiye, shi kuma bai samu magani ba.

Bayan kowane kira sai rahoto, kuma a daren, kafin ka kwanta, a manhajar da jami'ar ke amfani da ita, irin su Maxient. Ka rubuta lokaci, ɗaki, sunayen da ke wurin, abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji. Kada ka rubuta "ya bugu". Ka rubuta cewa yana tangaɗi, harshensa ya karye, ana jin warin giya, an ga kwalabe huɗu a kan tebur. Ɗalibin yana da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa, kuma lauya na iya karanta shi bayan shekara biyu.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, domin nan ne tarbiyyarmu da dokarsu suke karo. Mu an rene mu a kan rufin asiri da sulhu: babba ya kira yara, ya yi musu faɗa, a rufe magana. A wannan aikin, wasu maganganun ba ka da ikon rufe su. A 1986 wani ɗalibi ya kashe Jeanne Clery, 'yar shekara 19, a ɗakinta na hostal a Jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania, bayan ya shiga ta ƙofofin da aka tokare a buɗe. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka yi dokar 1990 da ke ɗauke da sunanta, wadda ta wajabta wa jami'o'i tattara laifukan da aka aikata a harabarsu su bayyana wa jama'a. Ma'aikatan hostal suna cikin waɗanda dole su kai rahoto, kuma dalilin da ya sa 'yan bene ke cire duk abin da aka tokare ƙofa da shi ke nan, ko da mazauna sun yi gunaguni. Sannan ga dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma a ƙarƙashinta ake bin ƙarar fyaɗe da cin zarafi. Kusan kowace jami'a ta sa ma'aikatan hostal cikin masu sanar da ofishin da ke kula da wannan.

Ma'anarsa a aikace: idan ɗaliba ta ce maka, "Zan faɗa maka wani abu, amma ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba," kada ka yi alkawarin. Ka dakatar da ita cikin taushi kafin ta fara, ka ce kana son ka ji, amma idan abin ya shafi cin zarafi ko barazana ga rai dole ka sanar da ofishi guda, kuma idan tana son sirri cikakke ga mai ba da shawara ko likitan makaranta, ka raka ta. Wannan ya fi mutunta ta a kan ka saurara sannan ka karya amana. Kuma ko da wanda ake zargi ɗan ƙasarku ne, kuna sallah sahu ɗaya, kada ka kira su ka ce za ka sasanta. Za ka rasa aikin, da aikin kuma kuɗin makaranta ke tafiya, sannan ka tauye wa yarinyar haƙƙin da doka ta ba ta.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai inda dole ka yi shiru, kuma shi ma ya saɓa wa abin da muka saba. Dokar FERPA ta 1974 ta mayar da bayanan karatun ɗalibin jami'a mallakarsa. Uba zai bugo waya ya ce shi ke biyan kuɗi, a faɗa masa me ɗansa ya yi, kai kuma ba za ka faɗa ba sai ɗan ya sa hannu. Ka saurare shi da ladabi, ka bayyana masa yadda tsarin yake gaba ɗaya, ka ce za ka leƙa yaron ka ce ya kira gida. Dokar ta bar ƙofa idan rai na cikin haɗari, ko laifin giya ga wanda bai kai 21 ba, amma manyanka ne ke yanke shawarar kiran iyaye. Idan kuma aka ce ba a ga ɗalibi ba, kada ka jira safiya: wata doka ta 2008 ta ba jami'a awa 24 ta sanar da wanda ɗalibin ya rubuta a matsayin mai amsa kiransa da kuma 'yan sanda, daga lokacin da aka tabbatar ya ɓata. Tabar wiwi ma ka sani: ko jihar ta halatta ta, haramun ce a harabar jami'ar da ke karɓar kuɗin tarayya, kuma za ka sha gardama da mazauna a kan haka.

Wuta da ruwa. A Janairun 2000 gobara ta tashi a wani hostal na Jami'ar Seton Hall da ke New Jersey, ɗalibai uku suka mutu, fiye da 50 suka jikkata. Ginin ba shi da famfunan feshin ruwa na silin, kuma an sha buga ƙararrawar ƙarya a baya har wasu suka ci gaba da kwanciya da suka ji ta. Don haka duk ƙararrawa, ko ta biyar ce a mako saboda wani ya ƙona gugguru a na'urar ɗumama abinci, kowa ya fita, ko da ƙanƙara na zuba. Lokacin duba ɗakuna ka nemi kyandir, turaren wuta, risho na lantarki, wayoyin jona da aka jona a juna, da na'urar jin hayaƙi da aka rufe da leda ko safa. Wannan ƙa'idar ta hau kanka kai ma, don haka kaskon turaren da aka sako maka a kaya ka bar shi a akwati. Kan famfon silin kuwa yana da ɗan gilashi da ke fashewa idan zafi ya kai kusan digiri 68 a ma'aunin Selsiyas, amma hangar kaya ma tana fasa shi. Ɗalibi ɗaya ya rataya riga a kai, ruwa ya cika bene uku kafin a rufe. A jihohin sanyi kuma tagar da aka bari a buɗe lokacin hutun Disamba tana daskarar da bututu ya fashe, shi ya sa ake shiga kowane ɗaki bayan an tafi hutu. Ka san lambar mai gyaran dare tun ranar farko.

Babban makulli mai buɗe kowane ɗaki shi ne abu mafi haɗari a aljihunka. Idan ya ɓata sai an canja makullan ginin duka, kuɗin ya kai dubban daloli, wani lokacin a sallami mai shi. Kada ka ara wa kowa, kada ka fita da shi gari. Idan za ka shiga ɗakin ɗalibi, ku zama biyu, ka ƙwanƙwasa sau uku kana faɗin ko wane ne kai, sannan ka buɗe, ka bar ƙofar a buɗe. Kai da kake namiji, idan ɗakin mace ne ka nemi abokiyar aiki mace in dai ba rai ake ceto ba.

Zaman kansa yana da nasa nauyin. Gidanka yawanci ɗaki ɗaya ne ko biyu da falo da kicin, a ƙasan ginin. Kowa ya san lokacin da ka shigo da wanda ya zo wurinka, kamar mai gida a bakin kasuwa. Za a ƙwanƙwasa maka da tsakar dare saboda an manta makulli a ɗaki, alhali ba kai ke duti ba. Ka manna lambar duti a ƙofarka, ka mayar da su can cikin fara'a, tun makon farko, in ba haka ba ka koya musu cewa ƙofarka ita ce hanya mafi sauƙi. Ganawa da ɗalibi a ofis ake yi, ba a falonka ba, kuma soyayya da mazaunin gininka ko ɗan benenka kora ce kai tsaye a yawancin wurare. Ka ware yini ɗaya a mako da za ka bar harabar makarantar gaba ɗaya. Yawancin masu wannan aikin shekara biyu zuwa huɗu suke yi su bar kwana a gini, kuma gajiyar rashin rabuwa da wurin aiki ce babban dalili.

Kafin ka sa hannu, ka nemi amsa a rubuce a kan wasu abubuwa. Bizar ɗalibi ta F-1 ta ba ka awa 20 kacal a mako na aiki a cikin makaranta lokacin karatu, don haka ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje yadda ake lissafa awannin duti, ka ajiye amsar; wuce awannin yana iya taɓa bizarka, kuma ofishin hostal ba lallai ya san wannan ba. Haraji ma ka bincika. Gidan da aka wajabta maka zama a cikinsa don aikin yawanci ba a cire masa haraji, amma yafewar kuɗin makaranta ga wanda aikinsa ba koyarwa ko bincike ba ne, jami'o'i da yawa suna lissafa abin da ya haura dala 5,250 a shekara a matsayin kuɗin shiga, sai ka ga alawus ɗin wasu watanni ya zube ƙasa sosai. Ka tambayi ofishin albashi wane wata hakan ke faruwa. Ka ji ko kwantiragin na wata goma ne ko goma sha biyu, da inda za ka zauna a Yuni da Yuli, da ko ɗakin cin abinci na rufewa lokacin hutu, da ko akwai nama halal da tanadin sahur. Idan kana da iyali, ka tambaya ko an yarda matarka da yara su zauna, domin wasu wuraren sai an binciki tarihin duk baligin da zai kwana a ginin, kuma mai bizar F-2, wato ta iyalin ɗalibi, ba ta da izinin aiki. Ka tambaya mutum nawa ke karɓa-karɓar wayar duti: mutum goma na nufin mako ɗaya ko biyu a zango, mutum huɗu na nufin kusan mako guda a kowane wata. Sannan ka tambaya kwana nawa ake ba mutum ya kwashe kayansa idan aikin ya ƙare ba shiri, tunda aikinka da gidanka da kuɗin makarantarka duk a igiya ɗaya suke.

Batun karatu kuwa ya danganta da fanninka. Yawancin masu wannan aikin suna karanta harkokin ɗalibai ko gudanar da manyan makarantu, inda malamai suka san me ake nufi da makon duti. Idan naka injiniyanci ne ko kimiyyar da ke buƙatar ɗakin gwaji da safe, ka sanar da malamin da ke duba karatunka tun farko, ka ɗauki mafi ƙarancin kwasa-kwasan da biza ta yarda a zangon farko, ka kuma karɓi jadawalin duti da na jarrabawa ka ajiye su gefe da gefe a watan Agusta, lokacin da abokan aiki ke da sauƙin musanya.